Akushin da Ban Ƙona Ba

Ranar Litinin ɗin da Ottilie ta ƙi shiga wankin ƙoda, ina zaune a ɗakin karatu na gari ina gyara wa wani marubuci kurakuransa da fensir a gefen littafinsa. Mutumin ya rubuta shafi ɗari huɗu a kan mutanenmu, 'yan asalin hamadar ƙasar nan, bayan ya yi mako uku a cikinmu, biyu daga ciki yana fama da gudawa. Ma'aikaciyar ɗakin ta daɗe da gajiya da yi mini faɗa a kan fensirin. Ita ce ta zo ta ce ana nemana a waya.

Sista Maureen ce, nas ɗin gidan wankin ƙoda. Ta ce motar ɗaukar marasa lafiya ta iso kamar kullum, kowa ya sauka, ban da Ottilie. Ta ja rigar sanyinta ta rufe kai, tana ihu a juya mota, har sai da direba ya mayar da ita gida.

Ottilie Napanangka ƙanwar matata ce. Matata ta rasu wata tara da suka wuce, kuma wannan ciwon ƙodar ne ya ɗauke ta. Ba zan faɗi sunanta ba. Kumantjayi muke ce mata, kamar yadda ake ce wa duk wanda ya tafi, har sai ƙasar kabarinsa ta kwanta. Litinin, Laraba da Juma'a ake sa wa Ottilie na'ura, awa huɗu kowane zuwa. Wanda ya tsallake ɗaya zai ji a jikinsa. Wanda ya tsallake uku, danginsa ne za su ji.

Na same ta a unguwarsu da ke bayan busasshen kogi, zaune a kan katifa a inuwa, tana ƙona zanen fata a jikin wani ƙadangaren katako da waya mai zafi, irin wanda take sayar wa baƙi.

"Ga Lauya ya iso," in ji ta. Shekara talatin da ɗaya na yi ina tafinta a kotun Alice Springs, ban taɓa zama lauya ba, amma sunan ya bi ni. "An kira ka ka yi mini shari'a ke nan? To ka zauna tukuna, tsayuwarka tana tare mini iska."

"Napanangka, me ya hana ki sauka daga mota?"

"Je ka gani da idonka. Kai namiji ne, in dai littattafai ba su cinye wannan ma ba."

"In ga me?"

Ta ajiye wayar. Ta kau da fuska, ta taɓa haɓarta da hannu, alamar uba. Sannan ta yi ƙasa da murya.

"Abin tsoho. Na maza. Yana cikin tagar sabon shagon nan, ya zuba wa ƙofar asibiti ido. Gefensa kawai na gani, kuma har yanzu idona bai daina zafi ba."

Na tafi na gani. Shagon yana fuskantar gidan wankin ƙoda, titi ne kawai a tsakaninsu. A tsakiyar tagar gilashin, a ƙarƙashin fitila, an kafa wani ɗan allo da bai fi tsawon hannuna ba. Murfin kabad ne a da, har yanzu ana ganin ramukan kusoshi a gefensa. Ina ganinsa na san hannun surukina, tsoho Tjapangati, uban matata da Ottilie. Abin da ke jikin allon ba zan gaya muku ba. Na taɓa ganinsa sau ɗaya a inda ya kamata a gan shi, a kan ƙasa, nesa da mata da yara, kuma kafin rana ta faɗi an share shi.

Kuskuren na tsofaffinmu ne, ba zan ɓoye ba. Lokacin da aka fara ba su fenti da guntayen katako a garin Papunya, shekara hamsin da ɗoriya ke nan, sun zana duk abin da suka sani. Ba su rage komai ba. A lissafinsu allon zai shiga mota ya tafi ƙasar Turawa, can inda ba a dawowa, kuma idon Bature kamar idon raƙumi ne, ya gani bai gani ba. Bai faɗo musu a rai cewa abin da mota ta kai, mota tana iya dawowa da shi ba. Da aka yi rigima, har aka kusa zare mashi, sai suka koyi lulluɓe zanen da ɗige-ɗige. Ɗigon nan da Turawa suke tsayawa a gabansa suna dafe ƙirji, labule ne. Shi ya sa masu tara zane suka fi son na farko-farko, wanda ba a kai ga rataya masa labule ba.

Washegari da safe na shiga shagon. Mai shi Mista Desmond Halloran ne, wanda ya shekara arba'in yana zuwa daga Melbourne yana kwasar kayanmu, yanzu kuma ya yi ritaya ya dawo mana da su don mu gani ta gilashi. Garkuwoyi, masu, sandunan jifa, akusa, duk an jere su a bango kamar kayan shaida a kotu. Ba ya taɓa ko ɗaya sai da farar safar hannu.

"Ewald!" Ya taho da hannu biyu. "Na ji labarin rashin da aka yi. Kumantjayi, ko ba haka ake cewa ba? Ka ga, ban kama suna ba."

Abin da ya fi ƙona mini rai da shi ke nan. Jahili ana iya koya masa. Wannan ya san komai.

"Mista Halloran, allon da ke taga nake so ka cire."

"Ai shi ne uban tafiyar. Shekara goma sha ɗaya ina bin sawunsa. Wata tsohuwa ce ta ajiye shi a bayan firiji a Adelaide, ka ji rashin sanin darajar abu."

"Ya fi dacewa da bayan firijin. 'Yar mai zanen tana wankin ƙoda a can tsallaken titi. Ba za ta iya wucewa ta gabansa ba."

"'Yarsa?" Idonsa ya yi haske. "Ko za ta yarda ta zo bikin buɗewa?"

Na ƙirga har biyar a raina, dabarar da na koya a gaban alƙalai.

"Abin maza ne. Mace ba ta ganinsa."

"Na sa sanarwa a ƙofa," in ji shi, ya nuna mini wata 'yar takarda mai kyan rubutu, da Turanci, tana gargaɗin cewa a ciki akwai kayan mutanen da suka rasu. Takardar tana ƙofa, allon yana taga, matan da ake gargaɗin kuwa ba su taɓa riƙe fensir ba. "Kuma ka yi mini adalci, Ewald. Duk wanda ya shigo nan sai ya ce wannan haram ne, wancan sirri ne. Bara wani ya ce mini wata garkuwa ta tsafi ce, in ba shi ya kai daji, bayan mako biyu na gan ta a kasuwar Lahadi. Kai mutum ne mai ilimi. Ka zauna, ga kujera, ka gaya mini abin da zanen yake nufi, guri-guri, in rubuta. In na gamsu, yau zan sauke shi."

"In na gaya maka, ai na yi abin da ya fi rataye shi a taga muni."

"To ka gani," in ji shi, yana murmushi irin na wanda ya ci muhawara.

Shekara talatin da ɗaya ina juya maganar ɓarayi da mashaya da masu kisa zuwa Turanci, ban taɓa rasa kalma ba. Ran nan na tsaya a gabansa kamar an ɗinke mini baki.

Ya ce in kwantar da hankalina, nan da kwana goma za a yi bikin, manyan baƙi za su zo daga Sydney, bayan nan zai mayar da allon ciki. Na ce masa mai ciwon ƙoda ba ya kwana goma. Ya ce ai wannan maganar likita ce, shi ba likita ba ne.

Na je wurin 'yan sanda. Wani ɗan saurayi mai jan kunne ya duba littafinsa ya ce ba a karya wata doka ba, kuma gaskiya ya faɗa, na fi shi sanin littafin. Na je wani ofishi da aka buɗe musamman don irin wannan magana, suka ce in rubuto takarda, kwamitinsu zai zauna a watan Fabrairu. Muna cikin Janairu. Mazan da allon yake nasu, waɗanda in sun shigo shagon su biyar suka zauna a ƙasa shiru Halloran zai sauke shi da hannunsa, duk suna can yamma a daji wurin kaciyar samari. An rufe hanyoyi, babu mai shiga, babu mai aika saƙo, sai sun gama.

Na yi tunanin bulo, ba zan musa ba. Amma na san abin da kotu take yi wa baƙin mutum da bulo, ni nake fassara musu hukuncin. Kuma in gilashin ya fashe, allon zai ƙara zama tsirara ne a titi.

Ranar Laraba Ottilie ta tsallake na biyu. Sista Maureen ta zo da kanta bayan ta tashi aiki, ta durƙusa a gaban katifar tana danna mata ƙafa. Inda ta danna sai ya zauna rami kamar ƙullin burodi.

"Anti, na sa an ja labule a duk tagoginmu," in ji Sista. "Za mu kawo mota har bakin ƙofa, in rufe miki kai da bargo, in riƙe hannunki. Sauran matan haka suke shiga, da baya-da-baya."

"Sauran matan ubansu ne?" Ottilie ta tsaya ta ja numfashi. "'Yata, kin taɓa ganin an tare wuta da labule? Ko ban gan shi ba, shi ya gan ni. Ya san ƙafata. In kwanta awa huɗu jinina yana yawo a waje cikin roba, a gabansa? Ke dai Allah ya yi miki albarka, je ki sha shayinki."

"To bari in kai ki babban asibiti."

"Inda aka kai yayata? Ta shiga tana zagin direba, ta fito a kwance. Sai dai in na suma ku ɗauke ni, wannan ba da yawuna ba."

Na ce, "Napanangka, fenti ne da katako. Fentin ma ragowar na makarantar yara ne."

Ta ɗago kumburarren idonta ta dube ni.

"Haka ne, Lauya? To me ya sa da ka dawo daga kallonsa ka wanke fuskarka sau biyu kafin ka zauna kusa da ni?"

Na karanta abin da ya isa in san fenti ba ya kisa. Na kuma binne mutanen da suka isa in san abin da mutum ya sani dabam, abin da jininsa ya sani dabam.

A bakin mota Sista Maureen ta ce mini gishirin da ke taruwa a jini ba ya sallama, yana iya tsayar da zuciya mutum yana tsakiyar magana. Ta ce in Juma'a ta wuce, ita ba ta da abin cewa.

Ranar Alhamis da safe na koma shagon. Na bar gardama a gida, na zo da roƙo, abin da ban iya ba. Halloran ya saurare ni yana goge wata garkuwa da burushi mai laushi. Da na gama sai ya ce, kamar wanda abu ya faɗo masa yanzu:

"Ka san abin da ban taɓa mantawa ba a gidanku? Akushin nan. Piti. Dogon nan mai tsaga a gefe, wanda aka liƙe da ƙaro. Na zo sayen zane wurin marigayiya na gan shi a ƙasa cike da albasa. Albasa, Ewald! Na roƙe ta, ta yi mini dariya. Hannun tsoho Tjapangati ne shi ma, ko?"

"Hannunsa ne."

"Na san al'ada, an ƙone kayanta. Babbar asara." Ya ci gaba da goge garkuwar, bai dube ni ba. "Sai dai a iya sanina, mutumin da ke son littafi ba ya iya ƙona abu."

Na dai faɗa muku, jahili ana iya koya masa. Wannan har ni ya karanta.

Ga abin da ya faru. Kwana uku bayan rasuwar, mata suka zo da rassan itace suka share gidan, suka share sawunta daga tsakar gida har bakin titi. Suka fitar da katifa, da rigunanta, da burusan zanenta, da kofin da take shan shayi, suka cinna musu wuta. Haka ake yi don ta tafi kar ta waiwayo. Ni kuwa tun kafin su iso na ɗauki akushin na sa a ƙasan wani kwali, na danne shi da tsofaffin kundayen shari'a guda shida. Da Ottilie ta tambaya, na ce ya ɓata a lokacin jigilar asibiti. Mutumin da ya rantse sau dubu a kotu cewa zai faɗi gaskiya.

Tsoho ya sassaƙa shi ne daga itacen ininti tun suna yawo a hamada, kafin su taɓa ganin mota. A cikinsa aka kwantar da matata tana jaririya, uwarta ta ɗauko ta a ƙugu tafiyar wata biyu zuwa inda ake rabon gari da sukari. Daga baya ya ɗauki iri, ya ɗauki tumatirin daji, ya ɗauki gwangwanayen fenti, ya ɗauki albasa, a ƙarshe ya ɗauki ƙwayoyin magani. A bakinsa akwai wani wuri da ya lotsa ya yi santsi, daidai babban yatsanta. Wata tara, kullum da safe kafin in ɗora shayi, sai in ɗaga kundayen nan shida in sa yatsana a wurin. Ba ni da hotonta, an ƙone. Ba ni da sunanta, an rufe. Wannan nake da shi.

"In da akushin yana nan," na ce, "me zai faru da allon?"

"Ai sai su zauna tare a gidana na Melbourne. Zanen uba da sassaƙar uba. Ba zan ɓata su da tagar titi ba."

Na koma gida a ƙafa cikin ranar da ke narkar da kwalta. Ban yi wani dogon tunani ba, kar in yi muku ƙaryar jarumta. Na zagi Halloran, na zagi tsoho Tjapangati da ya sayar da abin da ba na sayarwa ba a kan taba da 'yan daloli, na zagi Ottilie da taurin kanta, na zagi wadda ta tafi ta bar ni da su duka. Da zagin ya ƙare, na ɗaga kundaye shida, na naɗe akushin a bargo.

Na koma shagon Halloran na ajiye shi a kan teburinsa ban buɗe ba.

"Sharaɗi uku. Allon zai fita daga taga yanzu, ina tsaye, ya bar garin nan gobe. Akushin ma ba za a nuna shi a garin nan ba har abada. Kuma sunanta ba zai hau takarda ba."

"Haba Ewald, abu ba tarihi ai itace ne kawai."

"To itace ne. Bari in mayar da shi, ina da albasa a gida."

Na kai hannu. Ya riga ni.

"Sunan mai sassaƙar ya isa," in ji shi da sauri. "Ya isa ƙwarai."

Ya sa safarsa. Na buɗe bargon na ɗago akushin da hannu biyu zan miƙa masa, babban yatsana yana inda ya saba zama. Sai ya ɗan yamutsa fuska.

"Yi haƙuri, kar ka riƙe shi ta baki. Gumin hannu yana lalata shi."

Abin da jarirai suka yi wa fitsari. Abin da aka shafa wa kitsen damo shekara da shekaru don kar ya tsage. Duk baƙin nan mai sheƙi da yake sha'awa, in ba gumin hannu ba ne, mene ne? Na buɗe baki, na tuna Juma'a gobe ce, na rufe. Na ajiye masa shi a kan wani farin ƙyalle.

Allon kuwa na ce ni zan sauke shi, ba shi ba. Na shiga cikin tagar na juya wa titi baya, na yi masa maganar da ake yi wa irinsa don ya san wanda ke zuwa. Sannan na kifa shi na naɗe shi da bargon da na kawo akushin.

"Me kake cewa haka?" Halloran ya matso, har ya zaro alƙalami. "Waƙarsa ce?"

"Zaginka nake yi."

Ya yi dariya. Ya ɗauka wasa ne.

Na tsaya har ya sa su a akwati ya buga ƙusa. A tagar ya kafa wani babban zane na baya-bayan nan, ɗigo a kan ɗigo tun daga sama har ƙasa, wanda ko jariri zai iya kallo.

Ranar Juma'a mutum biyu suka tallafo Ottilie zuwa mota. A kan kwanar titin ta sa direba ya tsaya.

"Lauya, sauka ka duba. Kuma in ka yi mini ƙarya, fatalwata a cikin littattafanka za ta kwana."

Na sauka na duba na dawo na ce babu. Duk da haka sai da wasu tsofaffin mata biyu suka sauka da rassan itace suka share daɓen gaban shagon, Halloran yana leƙensu daga ciki. Na tabbata ya so ɗaukar hoto. Sannan motar ta ƙarasa.

Na zauna kusa da kujerarta. An sa mata allurai biyu, jinin ya fara zagayawa a roba. Awa guda numfashi kawai take nema. A awa ta biyu fuskarta ta fara komowa tata, bakin ma ya komo.

"Me ka ba shi?"

"Magana na yi masa."

"Ƙarya kake. Bature ba ya cin magana, da yana ci da kai ne mai kuɗin garin nan." Ta juyo da kai a hankali. "Piti ka ba shi."

Na dubi na'urar kamar na san aikinta.

"Tun ranar shara na sani," in ji ta. "Wa ya taɓa ganin Lauya ya ɗauki kaya da hannunsa? Ran nan ka rungume kwali ɗaya kamar mai jego, ka hana kowa taɓawa. Duk matan sun gani. Mun yi ta dariyarka a wurin makoki."

"To me ya hana ku magana?"

"Ni na hana su. Ni ma a cikinsa aka kwantar da ni, ka manta? Bayan ita sai ni. Na ce a bar wa tsohon banza, in ya gama kukansa zai kawo da kansa mu ƙona." Ta yi tsaki. "Ashe kai wa Bature za ka yi. Da ka ƙona shi da ya bi ta, ta sami abin ɗaukar kayanta a can. Yanzu zai zauna cikin gilashi a garin sanyi, ba mai sa masa ko albasa."

"Da na ƙona shi, da ke ce kika bi ta."

Na'urar tana ta ƙararta. Can ta ce:

"To sai me? An ce maka ban san hanya ba?" Ta rufe ido. "Je ka ce wa yarinyar nan ta kawo shayi. Sukari biyu. In ta ce likita ya hana, ka fassara mata cewa likita ba mijina ba ne."

Na je na fassara, kalma da kalma.

Bayan wata biyu Halloran ya aiko wa ɗakin karatu na gari kyautar littafin nunin kayansa, mai takarda mai sheƙi. Allon ba ya ciki, an bar shafinsa fari da wata doguwar magana a kan girmama al'ada, da sa hannunsa a ƙasa. Akushin yana shafi na talatin da takwas, a kan baƙin ƙyalle, an haska shi ta gefe har ana ganin lotsawar bakinsa. Ya cika alkawari, babu sunanta. A ƙarƙashin hoton an rubuta cewa ƙwarya ce ta ibada, wadda ake kyautata zaton manyan maza ne kaɗai suke taɓa ta.

Na daɗe ina kallon wurin yatsan. Sannan na zaro fensir na ja layi a kan bayanin, na rubuta a gefe: na albasa ne.